Wa ya ce eh, wa ya ce a'a? Maganar ƙuri'ar murya a majalisar dattawa

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da majalisar dattawa, ina so mu tattauna shi da hankali ba da zagi ba. A cikinmu nan wa zai iya faɗa min abin da sanatansa ya zaɓa ranar 20 ga Maris 2025 da aka amince da dokar ta-ɓaci a jihar Ribas? Ba ina tambayar ko dokar daidai ce ko ba daidai ba, wannan magana ce daban. Sashe na 305 na kundin tsarin mulki cewa ya yi sai kashi biyu cikin uku na DUKKAN 'yan majalisa sun yarda, sanatoci 109 ne, kenan ana neman mutum 73. To me aka yi? An shiga zaman sirri, aka fito, shugaban majalisa ya ce masu goyon baya su ce eh, waɗanda ba su yarda ba su ce a'a, ya buga guduma shikenan an wuce wurin. Don Allah ta yaya kunne zai ƙirga mutum 73? Shugaban ƙasa ya dakatar da zaɓaɓɓen gwamna da mataimakiyarsa da 'yan majalisar jiha gaba ɗaya har wata shida, majalisa ta sa albarka, amma ba a fitar da jerin sunaye ba balle ka ga naka yana wane ɓangare. Ni a ganina wannan ƙuri'ar muryar ita ce babbar cutar majalisar, ta fi maganar albashinsu da muke ta hayaniya a kai kullum.

Ɗan Gaya:
Wa alaikumus salam. Malam ai ka ma wahalar da kanka, ni a rushe majalisar gaba ɗaya shine magana. Muna da 'yan majalisar wakilai 360 me za mu yi da wasu 109 kuma? Senegal sun soke tasu a 2012, Muritaniya ma sun soke a 2017, Gana majalisa ɗaya garesu kuma ƙasa bata tsaya ba. Shehu Sani da bakinsa ya faɗa a 2018 cewa naira miliyan 13.5 ake ba kowane sanata duk wata na gudanar da ofis, Kawu Sumaila kuma ya gaya wa BBC Hausa a 2024 cewa abin ya kai miliyan 21, ka lissafa sau 109 ka gani nawa ne, ga mutane na kwana da yunwa

Maman Ilham:
Ɗan Gaya kullum kai maganarka a rushe a rushe. Idan an rushe su ai su ma na wakilan da murya suka amince da ta Ribas ɗin a rana guda, ka ga cutar tana nan ba inda ta je. Baban Khalifa ni tambayata, dama can doka ce ta ce sai da murya ko su ne suka ga dama?

Barista Funtuwa:
Hajiya ba doka ba ce ta tilasta, bari in ɗan yi bayani don mu san a kan me muke magana. Yadda zaman yake, kafin a fara komai sai an samu kashi ɗaya cikin uku na sanatoci, wato mutum 37, wannan sashe na 54 ne. Yawancin al'amura da rinjaye kawai ake yanke su, kuma wanda ke kan kujerar shugabanci ba ya kaɗa ƙuri'a sai in an yi kunnen doki. Ƙudiri idan ya shigo ana masa karatu na ɗaya wanda sunansa kawai ake karantawa, a karatu na biyu ne ake tafka muhawara kan manufarsa, sai a tura wa kwamiti, kwamiti ya kira zaman jin ra'ayin jama'a ya dawo da rahoto, a bi shi saɗara saɗara, sannan karatu na uku. Majalisar wakilai ma sai ta yi nata, in an samu saɓani a haɗa kwamitin daidaitawa, daga nan a kai wa shugaban ƙasa yana da kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisun biyu za su iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku, an taɓa yi wa Obasanjo haka a 2000 kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta.

To a duk matakan nan murya ake amfani da ita saboda sauri, kuma gaskiya ba komai ne ke buƙatar ƙirge ba, ba za a tsaya kiran suna 109 don amincewa da rahoton zaman jiya ba. Amma a dokokin zaman majalisar akwai damar da sanata zai miƙe ya ce bai yarda da hukuncin guduma ba a raba majalisa a ƙirga. Matsalar ita ce sai shugaba ya ba ka dama ka yi magana tukuna, in bai kalli inda kake ba makirufonka a kashe yake. Inda na yarda da Baban Khalifa ɗari bisa ɗari shi ne duk wurin da tsarin mulki ya ambaci adadi, kamar ta-ɓaci ko gyaran tsarin mulki ko tsige shugaba, to murya ba ta isa hujja ba. Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya taɓa zama kakakin majalisar wakilai ya san aikin, ya fito ya ce ba a cika adadin ba a maganar Ribas.

Baban Khalifa:
Allah ya saka da alheri Barista. Kuma abin da zai nuna maka ƙirgen yana da tasiri, ku tuna watan Yulin 2021 lokacin gyaran dokar zaɓe, maganar tura sakamako ta intanet. Abaribe yana shugaban marasa rinjaye ya tsaya kai da fata sai an ƙirga, aka riƙa kiran sanatoci ɗaya bayan ɗaya kowa ya miƙe ya faɗi matsayinsa, 52 suka zaɓi a ɗaure INEC da sharaɗin sai hukumar sadarwa da majalisa sun yarda, 28 suka ƙi, 28 ba sa nan. Washegari sunaye suka cika jaridu da Facebook, mutane suka yi caa a kan nasu. Kafin ƙarshen Oktoba majalisar da kanta ta janye ta bar wa INEC ikon. Da da murya aka yi wallahi kowa sai ya dawo gida ya ce ai ni a'a na ce ba a ji ni ba ne

Alhaji Tsoho Gusau:
Yara ku bi a hankali. Ni na ga majalisar nan tun ta jamhuriya ta biyu lokacin Joseph Wayas, kuma ina so in tuna muku abu biyu. Na farko tazarcen Obasanjo da kuke jin labari, ranar 16 ga Mayu 2006 da mi aka kashe shi? Da murya aka kashe shi, shugaban majalisa Ken Nnamani ya tambaya, a'a ta yi ƙara, ya buga guduma. Na biyu kuma, ku dubi zaɓen shugaban majalisa na 13 ga Yuni 2023, jam'iyya da fadar shugaban ƙasa sun tsaida Akpabio, amma da yake ƙuri'ar sirri ce Abdul'aziz Yari ya samu 46 Akpabio 63. Kuna jin da a fili aka yi, ana kiran suna gwamnoni na kallo, Yari zai samu rabin haka? Buɗe ƙuri'a ba talaka kaɗai ke gani ba, gwamna na gani, shugaban jam'iyya na gani, kuma su ke riƙe da tikiti ba ku ba.

Maman Ilham:
Gaskiya Baba ka kawo magana mai nauyi, ban taɓa kallon ta ta nan ba

Baban Khalifa:
Ranka ya daɗe Alhaji maganarka dutse, amma ka ba ni dama in ɗan ja. Na 2006 ɗin an kwashe kwanaki ana muhawara ana haskawa kai tsaye a talabijin, sanata zai miƙe ya faɗi sunansa da mazaɓarsa ya ce yana tare da tazarce ko ba ya tare, mutanen garinsu na zaune gaban akwati suna kallo. Kafin a zo kan guduma kowa ya riga ya tona cikinsa, muryar tabbatarwa kawai ta yi. Wato hasken ne ya kashe tazarce. Sannan maganar gwamna na gani, ai Alhaji gwamna ko yanzu ya sani, yana da masu kai masa rahoto a cikin zauren, fadar shugaban ƙasa tana da mai ba da shawara na musamman kan harkar majalisar dattawa wanda aikinsa kenan. Mutum ɗaya ne kawai bai sani ba, wanda ya sha rana a layi ya dangwala.

Ɗan Gaya:
To ko kun sani me za ku yi? kiranye? Sashe na 69 ya ce sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu sannan INEC ta tantance sannan a yi ƙuri'ar raba gardama, an gwada kan Dino Melaye a 2018 abin ya rushe a wurin tantancewa, an gwada kan sanata Natasha ta Kogi ta tsakiya a 2025 INEC ta ce sa hannun bai kai ba. Tun 1999 ba sanata ko ɗaya da aka dawo dashi gida ta wannan hanyar

Barista Funtuwa:
Haka ne ƙanena kiranye kusan ba ya yiwuwa, amma zaɓe na dawowa duk shekara huɗu kuma sanatoci suna faɗuwa sosai, mafi yawan waɗanda suka shiga majalisa ta goma a 2023 sababbi ne. Abin da babu shi ne hujjar da za a kayar da mutum ko a mayar da shi a kanta. Yanzu ma'aunin da ake auna sanata da shi a ƙauyukanmu babura nawa ya raba, buhun shinkafa nawa ya kawo da azumi, wa ya biya wa kuɗin asibiti. Ba wanda zai tambaye shi ranar da aka amince a mayar da bashin naira tiriliyan 22.7 da gwamnatin Buhari ta ci daga babban banki ya zama bashi na dogon zango a watan Mayun 2023, kai me ka ce? Alhali wannan ya fi taɓa farashin masara a kasuwa fiye da babur ɗin da ya ba ɗan unguwarku.

Maman Ilham:
Wallahi Barista ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Mu a makarantar da nake koyarwa rufin aji biyu iska ta yaye, iyaye suka haɗa tawaga har gidan sanatan yankinmu, aka ce ya tafi Abuja, aka ba su kuɗin mota suka dawo suna ta sa albarka. Na ce musu rufin aji aikin ƙaramar hukuma da jiha ne, shi abin da ya kamata ku tambaye shi me ya yi da aka kawo kasafin ilimi gaban kwamiti, suka kalle ni kamar na yi saɓo. Mu ma muna da laifi, mun mayar da ɗan majalisa kamar kantin unguwa da ake zuwa karɓar bashi, shi kuma ya gane in dai yana miƙo hannu ba mai bin diddigin abin da yake yi a zaure

Sadiq Tudun Wada:
Ni abin da yake bani tsoro ma ba muryar bace, dakatarwa ce. Duk wanda ya ɗaga kai sai a kore shi. Abdul Ningi na Bauchi ta tsakiya yayi hira da BBC Hausa a Maris 2024 yace akwai kusan tiriliyan 3.7 a kasafin tiriliyan 28.7 da ba a ga ayyukan da aka jingina su dasu ba, maimakon a kafa kwamiti mai zaman kansa a baje takardu kowa ya gani sai aka dakatar dashi wata uku, duk da an dawo dashi a ƙarshen Mayu. Ali Ndume an dakatar dashi wata shida a 2017 kotu tace haramun ne, a Yulin 2024 kuma aka cire shi daga mai tsawatarwa bayan ya soki gwamnati kan yunwa. Natasha wata shida a Maris 2025, kuma mata huɗu ne kacal aka zaɓa a majalisar. Ni ba ruwana da wa ke da gaskiya tsakaninta da shugaban majalisa, wannan na kotu ne, amma mutanen Kogi ta tsakiya laifin me sukayi da za su zauna rabin shekara ba wakili?

Alhaji Tsoho Gusau:
Nan kam na yarda da kai yaro. Majalisa na da ikon ladabtar da ɗanta, in ba haka ba zauren zai zama kasuwa, kun ga abin da ya faru a Afrilun 2018 da 'yan daba suka kutsa ana tsakiyar zama suka ɗauke sandar majalisa sai washegari aka tsince ta ƙarƙashin gada a Abuja. Amma ladabtarwa daban, hana mazaɓa baki daban. Tsarin mulki ya ce majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, ka cire wata shida a ciki mi ya rage?

Baban Khalifa:
Kuma ku lura duk dakatarwar nan da me ake yin ta? Da murya. Da za a ce kowane sanata sai ya miƙe da sunansa ya ce eh na yarda a kori Ningi saboda ya yi maganar kasafi, ina tabbatar muku da yawa daga cikin sanatocin arewa da suka yi shiru ranar sai sun yi tunani sau biyu, don shi ne shugaban ƙungiyarsu a lokacin.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum, ni daga Nijar nike amma ina biye da ku. Ɗan Gaya da ka ce a rushe, ni dai ina da abin da ba ni mancewa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da aka kifar da Bazoum, CEDEAO, wato ECOWAS, ta ba da wa'adin mako guda a mayar da shi ko ta yi amfani da ƙarfi, nan Maraɗi mutane ba su barci, an rufe iyaka an yanke wuta, kowa na da dangi Katsina da Jibiya da Illela. Tinubu ya aika takarda majalisar dattawanku, sanatocin arewa suka fito suka ce ba su yarda da yaƙi ba, ranar 5 ga Agusta majalisar ta ce a bi ta hanyar sulhu. Mu nan majalisa guda muke da ita ko kafin soja su rushe ta, ba mu da ta dattawa, amma ranar mun ga amfanin taku

Barista Funtuwa:
Sannu da zuwa ɗan uwa, kuma ba alfarma suka yi ba aikinsu ne. Sashe na 5 ya ce shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi ba sai majalisun biyu sun zauna tare sun yarda, kuma ba zai tura soja fagen daga a wajen ƙasa ba sai da amincewar dattawa, in ban da yanayin gaggawa da aka ba shi 'yan kwanaki ya nemi izini daga baya. Ɗan Gaya ka ƙara da wannan, su ne ke tantance ministoci da jakadu da alƙalin alƙalai da shugaban INEC da gwamnan babban banki, 'yan wakilai ba su da wannan. Sun ƙi Magu a kujerar shugaban EFCC sau biyu, Disamba 2016 da Maris 2017, sun ƙi Lauretta Onochie a kujerar kwamishinar INEC a 2021, a Agustan 2023 cikin mutum 48 da aka kawo don zama ministoci sun tabbatar da 45 suka riƙe uku har da El-Rufai. Sannan a Fabrairun 2010 da marigayi 'Yar'aduwa yana jinya a Saudiyya ƙasa ta tsaya cak, majalisar David Mark ce tare da ta wakilai suka samo mafita Jonathan ya zama muƙaddashi. Kuma dalilin kafa ta tun asali daidaito ne, Kano mai ƙananan hukumomi 44 tana da 'yan wakilai 24, Bayelsa mai 8 tana da 5, amma a dattawa kowacce uku uku. In ka soke ta ƙananan jihohi ba za su taɓa yarda ba, kuma gyaran tsarin mulki sai majalisun jihohi 24 sun sa hannu.

Ɗan Gaya:
Tantancewar da ake cewa mutum ya rusuna ya wuce? wasu ministocin ba a musu tambaya ko ɗaya saboda sun taɓa zama 'yan majalisa. Kuma taken ƙasa fa, cikin 'yan kwanaki suka dawo da tsohon a Mayun 2024 aka sa hannu ranar 29, amma abin da ya shafi talaka sai ya shekara a kwamiti. Na ji maganar Nijar kuma na yarda sunyi abin kirki a nan, amma sau nawa?

Maman Ilham:
Rusuna ka wuce ɗin nan ni ma yana ƙona min rai, ga shi ba a haɗo sunan mutum da ma'aikatar da za a ba shi, to a kan me za a tambaye shi? Likita ne za a kai ma'aikatar lafiya ko ta sufuri ba wanda ya sani sai bayan an rantsar

Sadiq Tudun Wada:
A maganar dokokin haraji dai sun ɗan yi motsi, an kawo su Oktoban 2024 gwamnonin arewa suka ƙi tsarin rabon harajin VAT, Zulum ya fito ya yi magana, Ndume ya tada jijiyar wuya a zaure, aka yi ta ja har aka gyara wasu wurare, harajin ya tsaya a kashi 7.5 ba a ƙara ba sannan aka sa hannu a Yunin 2025. Amma ko a nan ɗin in ka tambaye ni sanatocin jiharmu uku wa ya tsaya a ina kan rabon, wallahi sai dai in faɗa maka wanda na gani a bidiyo yana magana, sauran biyun ban sani ba

Baban Khalifa:
To ka gani Sadiq. Arewa na da sanatoci 57 daga jihohi 19, ba ƙaramin ƙarfi ba ne, amma ba mu da hanyar sanin ko suna amfani da shi. Kuma kar wani ya ce ba kayan aiki, ranar 1 ga Maris 2022 da suka yi ƙuri'a kan ƙudirori 68 na gyaran tsarin mulki da na'ura suka yi, kowa ya danna adadi ya fito a allo, a nan ne aka ga yadda ƙudirorin mata suka faɗi. A Amurka da muka kwaikwayo tsarin daga wurinsu, kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ke zaure in suka nema dole a rubuta sunan kowa da abin da ya zaɓa, kuma kowa na iya dubawa a intanet. Ni ba na ce a yi haka kan komai ba, amma bashi, kasafi, haraji, ta-ɓaci, tura soja, dakatar da sanata da tabbatar da manyan muƙamai, waɗannan a danna na'ura a liƙa sunaye, a karanta su a rediyo da Hausa yadda tsohuwa a Bichi ko Gumel za ta ji.

Maman Ilham:
Barista wannan sai an gyara tsarin mulki ko yaya?

Barista Funtuwa:
A'a Hajiya, sashe na 60 ya ba kowace majalisa ikon tsara yadda za ta gudanar da zamanta, su da kansu za su gyara littafin dokokin zamansu ba sai an je jihohi ba, ba sai shugaban ƙasa ya sa hannu ba. Wahalar ita ce waɗanda duhun ke yi wa amfani su ne za su kunna fitilar. Shi ya sa lokacin da ya fi dacewa a matsa shi ne lokacin neman ƙuri'a, ɗan takara ya zo gari a sa shi ya faɗa a gaban jama'a ana ɗauka a waya cewa zai goyi bayan gyaran, kuma ko ba a gyara ba shi zai riƙa sanar da mazaɓarsa abin da ya zaɓa a kowane babban ƙudiri. Na biyun ba ya buƙatar izinin kowa.

Ɗan Gaya:
Ni har yanzu ina kan bakana kuɗin da ake kashe musu yayi yawa, amma wannan ta biyun zan iya tambaya, muna da taron ƙungiyar matasan gari bayan sallah kuma masu neman kujera basa ƙin zuwa

Alhaji Tsoho Gusau:
Ku tambaya, Allah shi ba da sa'a, kan bashi da haraji da ta-ɓaci ina tare da ku. Amma zaɓen shugaban majalisa da mataimakinsa ku bar shi a sirri kamar yadda yake. Kun ga daga 1999 zuwa 2007 shugabanni biyar aka yi, Enwerem, Okadigbo, Anyim, Wabara, Nnamani, kuma rikicin da yawansa daga fada ya taso. In kuka buɗe wannan ƙuri'ar kun miƙa wa fadar shugaban ƙasa kujerar a hannu, Baban Khalifa ka sake nazarin wannan kafin ku rubuta abin da za ku kai wa 'yan takara.